Behind the Name: gwaji da sunan Yakubu

Mai neman asalin suna kafin ranar suna, ko malamin da ke shirya darasi, zai amfana da Behind the Name, shafin intanet mai bayyana asalin sunaye da ma'anarsu, wanda Mike Campbell ya kafa a 1996. Kyauta ne, amma da Turanci yake, kuma akwai talla.

Sunan Yakubu ya isa a auna ingancinsa. Ka rubuta Jacob, wato Yakubu da Turanci, a akwatin bincike, zai kai ka ga Ya'aqov na Ibrananci, wanda Farawa 25:26 a Littafi Mai Tsarki ta danganta da diddige, domin an haifi Yakubu riƙe da diddigen ɗan'uwansa Isuwa. Daga nan ka buɗe bishiyar sunan, wato zanen rassansa a harsuna daban-daban, a nan aikin ya fi kyau. Girkanci ya mai da shi Iakobos, Latin ya ce Iacobus, daga baya bakin jama'a ya sauya b zuwa m, aka sami Iacomus. Wannan reshen ne ya haifi James na Ingila, Giacomo na Italiya, Jaime na Sifen, sai Séamus na Ayalan. Reshen da ya riƙe asali ya ba da Yakov a Rasha da Jakob a Jamus. Shi ya sa wasiƙar da Turawa ke kira James, a Littafi Mai Tsarki na Hausa Yakubu ce. Sunan Santiago na Sifen ma "Waliyyi Iago" ne aka haɗe, Iago kuwa wani reshe ne na Yakubu.

Abin yabo, ba ya yanke hukunci inda masana suka saɓa. Diego, alal misali, wasu na jingina shi ga Santiago, wasu ga Didacus, kuma an bar maganar a buɗe.

Inda ake tuntuɓe biyu ne. Akwai sashen sunayen da masu amfani ke turowa da kansu, ba a tace shi kamar babban rumbun ba, don haka ka duba wane sashe kake kafin ka kwafi ma'ana. Sannan alƙaluman farin jinin suna daga ƙasashen da ke wallafa rajistar haihuwa suke. Za ka ga Jacob ya riƙe na ɗaya a Amurka daga 1999 zuwa 2012, amma wannan ba zai gaya maka yawan Yakubu a Jos ko Zariya ba. Hanyar da Ya'aƙub na Larabci ya bi ya shigo bakin Bahaushe ma, sai ka nemi malamin harshe.