Sharhi kan Visual Studio Code bayan na kwafi tsohon aiki don sabon kanti

Na ɗan jima ina rubuta wa 'yan kasuwa ƙananan manhajoji a nan Garwa ta ƙasar Kamaru, kuma wadda ta fi karɓuwa ita ce wadda na yi wa wani Alhaji mai kantin kayan masarufi a babbar kasuwa, wadda ke lissafa shinkafa da mai da sukarin da suka shigo, da waɗanda suka fita, da bashin da ake bin masu sari. Surukinsa, wanda ke sayar da kayan gini a Yelwa, ya ga yadda Alhaji ke duba cinikin yini a waya ko da yana Duwala, sai ya zo ya same ni ya ce: "Malam, irin ta Alhaji nake so, sai dai ka sa sunana da kayana." Tun da babu dalilin da zai sa in sake rubuta abin da na riga na rubuta, na yanke shawarar kwafar tsohon aikin in gyara shi, kuma wannan sharhi bayani ne kan yadda Visual Studio Code, editan da ake rubuta manhajoji a cikinsa, ya yi mini a wannan hidima.

Kamfanin Microsoft ne ya fito da editan a 2015, kyauta ake sauke shi, kuma yana aiki a Windows da Linux da macOS. Abin da ya kamata mutum ya fara ganewa shi ne, a wurin wannan edita aiki ba wani abu ba ne illa foldar da aka buɗe da abin da ke cikinta, saboda haka babu maɓallin da za a danna ya haifar da aiki na biyu. Akwai dai wani umarni mai suna Duplicate Workspace, wanda na yi zaton shi nake nema. Da na danna shi sabuwar taga ta buɗe da dukan fayilolina, amma kafin in saki jiki na canza kalma ɗaya na adana, na koma tagar farko, sai na tarar kalmar ta canza a can ma. Ashe ɗaki ɗaya ne aka yi wa ƙofa biyu. Umarnin yana da amfani ga mai son duba aiki guda a fuska biyu, amma ba ya kwafar komai, kuma wanda ya shiga gyara a cikinsa ainihin aikinsa yake taɓawa.

Hanyar da ta rage ita ce rufe editan, a kwafi foldar gaba ɗaya kamar yadda ake kwafar kowace folda, a sa mata sabon suna, sannan a buɗe ta. Inda aka ɗan jira shi ne wajen foldar node_modules, wadda ke ɗauke da dubban ƙananan fayiloli na kayan aikin da manhajar ta dogara da su. Shawarar da aka saba bayarwa ita ce a bar ta a baya, a sake sauke ta da umarnin npm install, kuma shawara ce mai kyau ga wanda intanet ɗinsa ba ya yankewa. Ni kuwa da nake sayen data da ƙididdiga, kuma ba ni da tabbacin wuta za ta kai la'asar, na kwafe ta yadda take, tun da kwamfuta ɗaya ce, kuma ta yi aiki ba tare da tangarɗa ba.

Abin da ya fi buƙatar natsuwa shi ne abin da ido ba ya gani. Ina ajiye tarihin aikina da Git, tsarin da Linus Torvalds ya ƙirƙira a 2005, wanda ke adana komai a wata ɓoyayyiyar folda mai suna .git, kuma editan ba ya nuna ta a jerin fayiloli sai an canza saitinsa. Hikimar ɓoye ta a fili take, domin ba wuri ne da ake son hannu ya riƙa kaiwa ba, amma tana bin kwafin, kuma a cikinta akwai adireshin ma'ajiyar tsohon aikin da ke GitHub, shafin intanet da ake ajiye ayyukan manhaja. Na buɗe tagar umarni da ke ƙasan editan na rubuta git remote -v, sai ga adireshin aikin Alhaji ya fito. Da na tura gyaran kayan gini a wannan hali, da kan manhajar kayan masarufi zai sauka. Na goge foldar .git daga kwafin, na fara sabon tarihi da git init, na haɗa shi da sabuwar ma'ajiya, kuma duk wannan bai sa na fita daga editan ba, wanda yana cikin abubuwan da suka sa nake yaba masa.

Wajen canza suna kuwa, a nan ne ya fi biya mini buƙata. Da Ctrl da Shift da H ake buɗe binciken da ke neman kalma a dukan fayiloli ya musanya ta, kuma kafin ya taɓa komai yana jera kowane layi da tsohuwar kalmar da sabuwar gefe da gefe, ta yadda mutum zai cire wanda bai yarda da shi ba. Sunan kantin Alhaji yana kan rasit, yana saman shafi, yana cikin package.json, fayil ɗin da ke ɗauke da bayanan manhajar, yana cikin saƙon tunatar da masu bashi da na rubuta da Hausa da Faransanci, kuma duk na gyara su a zama ɗaya.

Sai dai a nan ne na yi sakacin da nake son mai karatu ya kiyaye. Binciken, bisa saitinsa na asali, yana tsallake fayilolin da aka lissafa a .gitignore, wato jerin waɗanda ba a so Git ya adana, kuma ni da hannuna na sa fayil ɗin .env a wannan jerin tun farko, domin a cikinsa adireshin rumbun bayanai da kalmar sirri suke, ba a so su fita waje. Da binciken ya daina nuna sunan Alhaji sai na ɗauka na gama, na kunna sabuwar manhajar, na shigar da siminti buhu 10 don gwaji. Ba a yi rabin awa ba yaron kantin Alhaji ya kira ni, ana jin hayaniyar kasuwa a bayansa, ya ce: "Malam, mun ga siminti a cikin kayanmu, mu kuwa ba ma sayar da shi." Na ba shi haƙuri, na goge layin, sannan na kira Alhaji da kaina na gaya masa abin da ya faru, domin lissafin dukiyar mutum amana ce, ko da layi ɗaya ne aka taɓa. Laifin nawa ne, tun da akwai ƙaramin maɓalli a akwatin binciken da ke sa ya duba har fayilolin da aka ware, kuma ban danna shi ba. Na buɗe wa surukin rumbunsa na daban da sabuwar kalmar sirri a wannan yammacin.

Bayan haka na yi amfani da wata dama da editan ya bayar, wato kowace folda tana iya samun saitinta a cikin .vscode, na mai da saman tagar aikin Alhaji kore, na surukinsa kuma ruwan ƙasa, saboda ayyukan biyu sun yi kama sosai kuma sau da yawa duka a buɗe suke.

A ganina editan ya cancanci a dogara da shi a irin wannan aiki, musamman ga mai kwamfuta matsakaiciya, muddin ya san cewa kwafin folda yana tafiya da adireshi da sirrin tsohon aiki. Wani mai shagon magani daga Marwa ya riga ya yi mini magana, kuma a wannan karon na tanadi kwafi mai tsabta, wanda babu sunan kowa ko kalmar sirrin kowa a ciki, na ajiye shi a GitHub a matsayin samfuri, damar da suka ƙara a 2019, wadda ke ba da sabuwar ma'ajiya ba tare da tsohon tarihi ba. Daga shi zan ɗauko nasa idan ya turo mini jerin magungunansa.