Transkribus: tana karanta tsohon rubutun hannu, amma sai an koya mata da tsari

Transkribus manhaja ce da ke ɗaukar hoton rubutun hannu ta mayar da shi rubutun kwamfuta, wanda za a iya gyarawa, a kwafa, a nemi kalma a cikinsa. Ta samo asali ne daga ayyukan bincike biyu da Tarayyar Turai ta ɗauki nauyinsu, tranScriptorium daga 2013 zuwa 2015 da READ daga 2016 zuwa 2019. Tun 2019 ƙungiyar gama-kai ta READ-COOP da ke Innsbruck a ƙasar Ostiriya ce ke riƙe da ita. Ga mai ɗaruruwa ko dubban shafuka na hannun marubuci ɗaya, kamar rajistar kotu ko tarin wasiƙu, ta cancanci lokacin da za a ba ta. Wanda ke da takardu ashirin na mutum ashirin kuwa, in ba akwai shiryayyen samfuri (wato injin karatu da aka riga aka koya wa irin rubutun) da ya dace da su ba, gara ya zauna ya buga da hannunsa.

Daga hoto ake fara cin nasara ko faɗuwa. A ɗauka da ƙarfin ɗigo 300 a kowane inci, shafi a shimfiɗe, haske daidai ko'ina. Idan littafin ɗinkakke ne kuma shafin ya lanƙwasa wajen ɗinki, kalmomin bakin layi suna matsewa, manhajar ta yi ta haɗiye su. Tawadar da ta ratso daga bayan takarda ita ma takan sa a ga layi inda babu.

Bayan an ɗora hotuna, manhajar tana raba shafi gida-gida, ta ja zare a ƙarƙashin kowane layin rubutu. Nan ne mutane suka fi yin garaje, nan ne kuma aka fi yin asara. Abin da ke kan zaren nan kaɗai injin yake gani. Zaren da ya tsaya kafin ƙarshen layi ya yanke kalmar ƙarshe ke nan, wanda kuma ya tsinke biyu zai ba ka layi biyu masu rabin ma'ana. A shafi mai rubutu tsaf da tsaf tana yin wannan aiki da kyau ƙwarai. Amma a littafin da aka cika gefensa da sharhi, wani a karkace, wani a kife, wani a cushe tsakanin layuka, sai ta cakuɗa matani da sharhi ta jera su kamar magana ɗaya ce. Dole a bi shafi-shafi a ware gidajen, a gyara jerin karatu. Ana iya horar da samfuri na musamman don jan zaren, kuma ga irin waɗannan littattafai da shi ya kamata a fara.

Sai koyarwa. Akwai shiryayyun samfura masu yawa, mafi ƙarfinsu na harsunan Turai ne irin su Jamusanci, Ingilishi, Faransanci da harshen Holan. Idan babu wanda ya dace, kai za ka horar da naka. Shawarar masu manhajar ita ce a buga kalmomi 5,000 zuwa 15,000 da hannu, wato kimanin shafi 25 zuwa 75, kowane layi daura da hotonsa. A ware kusan kashi 10 cikin ɗari na shafukan don gwaji, kada injin ya gan su lokacin horo. Hanya mafi sauƙi ita ce a horar da ƙaramin samfuri da shafi 25, a sa shi ya karanta wasu 25, a gyara kurakuransa, a haɗa a sake horarwa. Gyara ya fi bugawa daga farko sauri.

Abin da ya fi lalata samfuri shi ne rashin ƙa'ida ɗaya wajen bugawa. Injin ba ya fahimtar harshe, siffa yake haɗawa da harafi. Idan mai bugawa ɗaya yana warware taƙaitacciyar kalma, ɗayan yana barinta yadda take, an koya masa amsa biyu ga tambaya ɗaya. Haka idan wani yana gyara kuskuren marubucin asali. A rubutun haruffan Larabci matsalar ta fi ɓuya: kaf na Larabci da na Farisanci lambobinsu daban ne a Unicode, tsarin da kwamfuta ke bai wa kowane harafi lamba, ko da sun yi kama a ido, kuma a rubutun Magaribi fa ɗigonsa a ƙasa yake, ƙaf kuma ɗigo ɗaya a sama. Sai a yanke tun ranar farko ko za a bi siffar da ke takarda ko ta bugun zamani, ko za a sa wasali ko a bari, a rubuta ƙa'idar a ba kowa. Wannan takarda guda ta fi ƙarin shafi hamsin amfani.

Idan horo ya ƙare za a ba ka adadin CER, wato yawan haruffan da aka kuskure cikin ɗari. Ƙasa da 10 ana ɗaukarsa mai amfani, 5 kuwa mai kyau ne. Kada lambar ta ruɗe ka. Shafi mai haruffa 1,500 da kuskuren kashi 5 yana ɗauke da kuskure 75, kuma ba a warwatse suke daidai ba. Sun fi taruwa a sunayen mutane, garuruwa, shekaru da adadin kuɗi, domin su ne ba sa maimaituwa a shafukan horo, su ne kuma mai binciken tarihi ya zo nema. A duba zanen ci gaban horon ma: idan kuskure yana ta raguwa a shafukan horo amma ya tsaya ko ya hau a na gwaji, injin hadda ya koma yi. Kuma idan shafukan gwajin duk masu tsabta ne, lambar za ta yi kyau alhali aikin bai kai haka ba.

Wajen fitar da aiki Transkribus ba ta da rowa da nau'o'in fayil: PAGE XML, ALTO, TEI, PDF mai karɓar bincike, Word da rubutu zalla. Inda muke da ƙorafi na gaske wuri biyu ne. Karatun shafuka da ma'aunin kiredit ake biyansa, wato makin da ake cirewa a kan kowane shafi, don haka sai a lissafa yawan shafuka tun kafin a rubuta kasafin aiki. Na biyu, hotuna da samfurin da ka sha wahalar horarwa suna zaune ne a kan kwamfutocin masu manhajar. Ma'adanar da ke riƙe da takardun amana, ko na iyalin da bai yarda a fitar da su ba, dole ta nemi izini kafin ta ɗora ko shafi ɗaya. Ga irin wannan hali akwai wata manhajar, eScriptorium, mai aiki da injin karatu na Kraken, wadda aka gina a Faris. Kyauta ce, ana girka ta a kwamfutar cibiya, tana kula da rubutun dama zuwa hagu, sai dai tana buƙatar ma'aikacin da ya iya kula da ita. Kowacce aka zaɓa, a riƙa sauke shafukan da aka gyara a tsarin PAGE XML tare da hotunansu a ƙarshen kowane zagayen horo, domin da su ake iya horar da sabon samfuri a wata manhajar ba tare da an sake buga layi ko ɗaya ba.