Ƙunshin kayan gyaran aksil ɗin gaba na tsohuwar Land Cruiser: abin da na gani da na ɗaura shi da hannuna

Duk mai riƙe da tsohuwar Land Cruiser samfurin 80, irin wadda Toyota ta ƙera a Japan daga 1990 zuwa 1997, ko ba daɗe ko ba jima zai leƙa bayan tayar gaba ya tarar da baƙin maiƙo yana dalala daga gwiwar aksil, ya kwaɓe da ƙura ya yi dabaibayi. Wani lokaci har birki yake taɓawa. Tawa mai injin dizil 1HZ ce, lita 4.2, silinda shida a jere, kuma da na saye ta don in tashe ta a gida, wannan yoyon na cikin abubuwan da na fara sa wa ido. Na sayi ƙunshin kayan gyara guda, irin wanda ake haɗa duk abin da aikin gefe biyu yake buƙata a kwali ɗaya, na yi aikin da kaina, na kuma hau motar na tsawon lokacin da ya isa in faɗi abin da na gani. Ƙunshin ya biya ni, amma akwai abu ɗaya a cikinsa da ban yarda da shi ba, kuma shi ne ya fi komai muhimmanci.

Sai an san yadda wurin yake kafin a gane dalili. Aksil ɗin gaban wannan mota ƙarfe ne guda ɗaya daga taya zuwa taya. A kowane ƙarshensa akwai wani ƙwallon ƙarfe mai rami a ciki, gwiwar sitiyari kuma tana rungume da shi, tana juyawa a kan boris biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa. A cikin ramin ne mahaɗar da ake kira Birfield take zaune. Ita ce ke ba taya damar karɓar ƙarfin inji alhali tana karkace wajen kwana. Ƙwallaye shida ne a cikinta, da keji mai riƙe su. Tsarin ya samo asali daga wani injiniyan kamfanin Ford mai suna Alfred Rzeppa a shekarun 1920, sunan Birfield kuma na kamfanin Ingila ne da ya yi fice wajen ƙera ta. To ita wannan mahaɗa giris take ci, difaranshal da ke tsakiya kuwa man giya yake sha. Abin da ya raba su ɗan oyil sil ne da bai kai tafin hannu ba, yana can ƙurya a bakin bututun aksil. Ranar da ya gaji, man giya ya gangaro ya narkar da giris, su haɗu su zama kamar caɓi, daga nan sai yoyo. Kafin ka kai ga wannan ɗan ƙaramin abu kuwa, sai ka kwance birki, da hob (cibiyar da ake ɗaure taya a kai), da sandar da hob ke juyawa a kai, da shaf (sandar da ke kai wa taya ƙarfin inji), kusan komai na wannan gefen.

Da na buɗe kwalin na baje kayan a kan tsohon zani, na ji daɗin abin da na gani. Boris huɗu na gwiwa, boris huɗu na taya, dukkansu na kamfanin Koyo ne, tambarin a buge a jikin ƙarfen. Akwai gaskit na takarda, da washa mai haƙora ta kulle notin hob, da zobba masu tsalle, da faifayen ƙarfe sirara na gyara tazara, da kayan share ƙwallo: zoben roba, da na ulu matsattse, da rababbun ƙarafan da ke danne su. An ware na dama da na hagu a leda daban-daban. Wannan ƙaramin abu ne, amma wanda hannunsa ya yi dumu-dumu da giris yana laluben washa guda zai san amfaninsa. Gaskit ɗin sun zauna daidai, ramukansu sun yi ido biyu da na ƙarfe, ban yanka ko ɗaya da almakashi ba. A nan ba ni da ƙorafi.

Oyil sil na ciki ne ya sa na tsaya. Babu sunan wanda ya yi shi, babu lamba. Na ɗauko shi na ajiye kusa da tsohon da na ciro, na dudduba su a haske. Ƙarfen sabon ya fi siranta, leɓen robarsa ya yi tauri, in ka danna da farce ba ya saurin komowa. Siririn sifirin ɗin da ke zagaye da leɓen ta ciki kuma ya yi sako-sako, da na ɗan taɓa shi da ƙaramin sukudireba sai ya faɗo. Wannan sifirin shi ne ke sa leɓe ya manne wa shaf shekara da shekaru. Na yi tunanin duk aikin da zan sake idan abin nan ya ba da kai bayan 'yan watanni, da giris ɗin da zai lalace, da gaskit ɗin da ba sa komawa in an kwance su. Na ajiye shi gefe, na nemo na asali mai lambar kamfanin motar, na jira ya iso kafin in rufe. Ina ganin duk mai haɗa irin wannan ƙunshi ya kamata ya fara da wannan sil ɗin kafin komai. Ka sa boris masu kyau ka tsuke hannu a kan abin da dominsa aka buɗe aksil ɗin, lissafin bai fita ba. Kuma ko sil ɗin na gari ne, a duba wurin da yake gogar shaf. In ya riga ya sassaƙa layi mai zurfi har farce yana maƙalewa, sabon ma zai yi yoyo, sai dai a sa hannun riga na ƙarfe a wurin ko a sauya shaf.

Abu na biyu shi ne kwalin ba ya zuwa da bayani. Takarda ɗaya ce mai jerin sunayen kaya, shi ke nan. Wanda bai taɓa yi ba zai zaci da sifana da guduma zai gama, alhali akwai abubuwan da in babu su aikin ba zai tafi ba. Notin hob yana son soket mai milimita 54, wanda ba ya cikin akwatin kayan aiki na yau da kullum. Ana buƙatar sifana mai auna ƙarfin ɗauri, da sikelin rataye ƙarami, da filaya ta buɗe zobe, da sandar tagulla ta bugu, da tsummoki masu yawan gaske. Giris ma iri biyu ne, kuma babu ko ɗaya a kwalin: mai molibdinom, baƙi-baƙi, na mahaɗa da cikin gwiwa, sai na boris ɗin taya daban. Sama da duka akwai littafin gyara na masana'anta. Ni ban ga yadda mutum zai shiga wannan aiki babu shi ba, domin adadin ɗauri da tsarin jera kaya duk a can suke.

Kafin a taɓa komai, a ɗora motar a kan ƙafafun ƙarfe masu ƙarfi, a ƙasa mai tauri, a tare tayoyin baya. Jak kaɗai ba abin dogaro ba ne. Motar ta haura tan biyu, kuma za a yi ta bugu da girgiza.

Inda na fi shan gumi wajen kwancewa shi ne washa masu siffar mazurari da ke riƙe da murfin hob. Ka cire noti shida tsaf, murfin ya ƙi motsi, domin waɗannan 'yan washa sun nutse cikin ramukansu sun cije kusoshin. Ba a sa sukudireba a ɓamɓare, fuskar ƙarfen ce za ta lalace. Ana mayar da noti har ya yi daidai da kan kusa don kare zare, a kafa sandar tagulla a kai, a ba ta guduma a taƙaice. Bugu na farko shiru, na biyu shiru, can sai ka ji ƙas, ka ga washar ta leƙo kai daga raminta da ɗan garin tsatsa a gefenta. Haka za ka bi su ɗaya bayan ɗaya. Ƙunshin ya zo da sababbi, kuma na gode da hakan, don biyu daga cikin tsofaffin sun riga sun buɗe baki. Wajen zaro shaf kuma, jikin mahaɗar yana da wurare biyu da aka shafe, sai an juya su sun kalli sama da ƙasa take fitowa. Na hagu ya fi na dama tsawo sosai, saboda difaranshal ɗin ya karkata dama.

Wanki shi ne rabin aikin, kuma babu ƙunshin da zai yi maka shi. Na kwashe ƙazantar da hannu, na wanke da kananzir, na goge, na sake wankewa har ƙarfen ya fito fes. Sai an wanke ake ganin gaskiyar abu. Mazaunin boris ɗin gwiwa na sama ya yi layi-layi inda rodojin suka daɗe suna dukan wuri ɗaya, domin wannan boris ba ya zagayawa, rayuwarsa duka 'yar kai-komo ce ta sitiyari. Wannan ne ke sa a ji sitiyari yana maƙalewa a tsakiya. Mahaɗun nawa ba su tsage ba, hanyoyin ƙwallayen sun ɗan yi sheƙi amma babu rami, don haka na wanke su na cika da sabon giris na mayar. Masu motar da ke ja da ƙafa huɗu koyaushe sukan musanya ta dama da ta hagu don ƙwallayen su koma cin gefen da bai gaji ba. Wanda motarsa ke ƙas-ƙas-ƙas in ya murɗa sitiyari ƙarshe, ya sani wannan kwalin ba ya ɗauke da maganinsa, sabuwar mahaɗa daban ake saya.

Faifayen tazara kuwa sai a yi hattara da su. A samfurin 80 suna zama a ƙarƙashin murfin boris na sama, kuma kaurinsu ne ke yanke yadda gwiwa za ta matse. Na ƙunshin masu kauri daban-daban ne, amma shawarar da zan ba kowa ita ce ya adana tsofaffin, ya yi musu alamar gefen da suka fito, ya fara gwadawa da su. Ana ɗaure gwiwar ba shaf, ba kayan share ƙwallo, a maƙala sikeli a ramin ƙarshen hannun sitiyari, wato ƙarfen da ke ɗaure a ƙasan gwiwa wanda sitiyari ke juya ta da shi, a ja a hankali, a karanta inda ta fara motsi. Littafin ya ba da tsakanin kilo 2.5 da 4.5. Da tsofaffin faifayena da sababbin boris, gefe biyun duka sun faɗa ciki, ban taɓa sababbin faifayen ba. Notoci huɗu na hannun sitiyari da ke ƙasa ana ɗaure su a kan nitan-mita 96 a sifana mai auna ƙarfin ɗauri, kuma kafin nan a tabbatar kusoshin kansu sun zauna daram a jikin gwiwa. In suka saki a kan hanya, sitiyari ne ke tafiya, wannan kuwa maganar rai ce. Boris ɗin taya ma da sikeli ake gama shi, a ja ta kusar taya. Kowa ya duba adadin a littafin shekarar motarsa.

Zoben ulu da na roba sun yi kyau, sun kama ƙwallon sosai. A tuna a zura su a wuyan aksil kafin a ɗora gwiwa, don bayan nan babu hanyar shigarsu. Ƙwallon nawa ya ɗan yi tsatsa ta ƙasa, na bi shi da takardar yashi mai laushi har ya yi santsi, in ba haka ba zai cinye sabon ulun. Cikin gwiwa ana cika shi da giris kusan kashi uku cikin huɗu, ba a danƙare shi taf.

Akwai wani ɗan abu da ba ya cikin kwalin, mai sayarwa ma bai ambace shi ba: hancin numfashi na saman aksil. Idan mota ta yi tafiya mai nisa man giya yakan yi zafi, iskar ciki ta kumbura, in ta huce ta tsuke. Hancin nan ne ke daidaita wannan. Ya toshe da laka, matsin sai ya nemi mafita ta sil. Nawa a toshe na same shi. Na wanke shi, na ƙara masa tiyo na ɗaga bakinsa can sama cikin ɗakin inji, yadda ko an ratsa ruwa ba zai zuƙa ba. Daga nan na zuba sabon man giya GL-5 mai kauri 80W-90.

Tun da na sauke motar, bayan tayoyin a bushe suke, sai ɗan siririn maiƙo a jikin ƙwallo, wanda dama haka ya kamata. Sitiyari ya daina yawo, kuma rawar da yake yi in taya ta faɗa rami ta tafi. Bayan tafiyar farko na ɗaga ta na girgiza kowace taya sama da ƙasa, na sake bin notocin hannun sitiyari da sifana mai awo, duk suna nan yadda na bar su. Daga baya na buɗe murfin zuba man difaranshal na tsoma yatsa, man ya fito garau ba alamar giris.

Zan sake sayen irin wannan ƙunshi idan aikin ya zagayo, domin tattara waɗannan ƙananan kaya ɗaya-ɗaya wahala ce, kuma da wuya mutum bai manta wani ba sai mota tana rataye. Amma kafin in biya zan tambayi mai sayarwa abu biyu: boris ɗin na wane kamfani ne, sil na ciki kuma na asali ne ko kuwa. Zan kuma ba shi shekarar motar da lambar jikinta, don akwai masu na'urar ABS, mai hana taya cijewa wajen taka birki, da marasa ita, akwai masu makullin hob na hannu da masu murfi kawai, kuma kayansu ba duka suke shiga juna ba.