Kafin ka sayi jirgin kamun kifi a Yauri ko Kainji

Toh, duk wanda zai zuba kuɗinsa a jirgin ruwa, ya fara sanin sunan abin da yake nema tukuna. Wani zai ce maka kwale-kwale, wani jirgi kawai, tsofaffi wasu su ce kwami in na gungume ne da aka fafe, babba mai ɗaukar kaya kuma zaka ji an ce abara. In ta waya kake ciniki kace a faɗa maka tsawo da faɗi da irin katakon, suna kaɗai baya isa.

Na gungume shi yafi daɗewa a hannun Sarkawa da Gungawa. Itace ɗaya ne, babu haɗi balle ƙusa, shi yasa baya yoyo sosai, kuma in maɗaci ne ko kawo zai yi shekaru. Amma siriri ne, yana juyawa da wuri, ga manyan itatuwan sun yi wuya yanzu, don haka mai kyau ba arha bane. In aikinka ƙugiya ne da birgi, wato ragar jifa, a bakin gaɓa ko fadama, ya isheka. Tsakiyar tafki kuwa a'a.

Na katako da aka haɗa da ƙusa, shi nafi baiwa mutane shawara. Yana da faɗi, yana ɗaukar taru da mutum uku ko huɗu, ana ɗaura masa inji a baya, in ya fashe kafinta na bakin ruwa zai canza maka katako ɗaya kawai a cusa auduga a shafa kwalta an gama. Matsalarsa masu haɗawa da ɗanyen katako, ko su saka mai kyau a sama mai laushi a ƙasa su rufe da fenti. Ka kife shi ka ƙwanƙwasa gindin, ka duba ƙusoshin ko sun fara tsatsa, sannan a barshi cikin ruwa ya kwana kaga yawan ruwan da zaka kwashe da safe.

Na faiba, wato na roba mai tauri (fibreglass), baya ruɓewa, mara nauyi ne, baya shan mai. Tsada dai, kuma in ya tsage mai gyaransa ba ko'ina yake ba.

Abin da mutane ke mantawa shine ruwan da zasu shiga da iskar wurin. Tunda aka gama dam ɗin Kainji a 1968 ruwa ya shanye gonaki da dazuka, har yau akwai kututture a ƙasa, in ruwa ya ja baya sune ke huda jirgi, shi yasa kaurin gindi yafi kyan fenti. Kuma kogin Kwara sau biyu yake cika, farin ruwa na damina wajen Agusta zuwa Oktoba, sai baƙin ruwa dake tahowa tun daga Gini ta Mali ya iso cikin hunturu, lokacin ga hazo ga iska mai tada igiya. Farkon damina yafi haɗari. Masunta zasu ce maka da ka ga shamuwa ta dawo ka fara kallon gabas, in gabas tayi baƙi, zafi ya tsananta iska ta ɗauke cak, sannan wata mai sanyi ta bugo ka, ka naɗe komarka kayi gaɓa, don mintuna kaɗan ne tsakani. Wannan gaskiya ne. Maganar bakan gizo ya shanye ruwa kam, ni bazan ɗora raina a kai ba.

Nan ne inji ke da amfani, filafili bazai tsere wa hadari daga tsakiyar tafki ba. Yamaha mai ƙarfin doki 15 ya ishi matsakaicin jirgi, 40 na masu jigilar kaya da fasinja ne, kar ka ɗora babba kan ƙaramin jirgi, bayansa zai nutse. In na hannu ne a tada shi da sanyi gabanka kaga yana fitar da ruwa ta baya.

Ka ware kuɗin rigar ruwa tun cikin lissafi. Jirgin da ya kife kusa da Wara a ƙaramar hukumar Ngaski a watan Mayun 2021 lodi ne ya masa yawa, mutane da dama suka rasu, Allah ya jiƙansu. Hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwa na cikin ƙasa ma ta hana tafiyar dare, daga shida na yamma zuwa shida na safe, don haka in jigila zaka yi ka lissafa ribarka da aikin rana kaɗai.