Gyaran gidan iyayen riƙo a Amurka: GoFundMe ko asusu ɗaya a nan Kaduna?

Ƙanwata, Allah Ya saka miki da alheri da kika tuna da mutanen da suka riƙe ki a Amurka lokacin karatu, yanzu da iska ta yaye musu rufin gida. A cikin hanyoyi biyun da kika kawo, buɗe GoFundMe (shafin intanet na tara gudummawa) ko tara kuɗin a asusu ɗaya a nan gida, ni dai na ce ki tara a nan.

Ki duba su wa za su bayar. 'Yan uwanki ne, da ƙawayenki, da tsofaffin ɗaliban shirin YES (na kai 'yan sakandare karatu Amurka) da ke Unguwar Rimi, Barnawa da Tudun Wada. Duk naira ce a hannunsu, kuma kowa ya iya tura dubu biyar ta waya ko a wurin mai POS. Da kin ce su shiga wani shafin waje su sa lambar kati, rabi sun zame ke nan.

Haka muka yi a 2020. Ranar 10 ga Agusta wata guguwa ta ratsa jihar Iowa, a birnin Cedar Rapids gudun iskar ya haura kilomita 200 a awa ɗaya, bishiya ta faɗo kan gidan dattijuwar da ta riƙe ni. Matar nan Kirista ce, amma duk azumin da na yi a gidanta sai ta tashi da asuba ta soya mini ƙwai ta haɗa shayi, ta zauna tana gyangyaɗi har in gama sahur. Muka ware asusu ɗaya, mutum biyu suna duba shigar kuɗi, kullum da dare a fitar da lissafi a WhatsApp: abin da ya shigo yau da jimilla. Wanda ba ya son a ambaci sunansa sai a rubuta "bawan Allah". Hajiyata ma, da ba ta taɓa ganin matar ba sai a hoto, ta kwance bakin zaninta ta ba ni kuɗi, ta ce a kai wa wadda ta riƙe mata 'ya. Ran da saƙon ya isa, dattijuwar ta kira ta bidiyo ta zagaya da ni ɗakin da na kwana, ledar da aka rufe saman da ita tana ta kaɗawa, ita kuma tana share hawaye tana cewa ba ta taɓa zaton za a tuna da ita daga Kaduna ba.

Wajen turawa ne aikin yake. A haɗa kuɗin, a canza sau ɗaya, a tura sau ɗaya daga asusun dala zuwa asusunsu, saboda duk turawa da cajinta, kaɗan-kaɗan asara ce. Za ki buƙaci cikakken sunan mai asusun, sunan bankin, lambar asusu da lambar SWIFT, wato lambar shaidar bankin ta tura kuɗi tsakanin ƙasashe. Ki fara zuwa bankinki ki ji ƙa'idarsu kan dalar da aka zuba da hannu kafin ki canza ko sisi. Kada ki dogara da kamfanonin aika kuɗi irin su Western Union: tun Janairun 2024 Babban Bankin Najeriya ya taƙaita aikinsu ga kuɗin da ke shigowa ƙasa. Idan akwai ɗan uwa amintacce da ke zaune can, wanda dama yana son aiko wa gida kuɗi, ya fi sauƙi: a ba iyayensa naira a nan, shi ya miƙa dala can.

GoFundMe kuwa, to, ba laifi, amma ba don mu aka yi shi ba. Ba a cire kuɗinsa zuwa bankin Najeriya, dole sai wani da ke can ya buɗe, kuma ana yanke kashi 2.9 cikin ɗari da senti 30 a kowace gudummawa. Idan maƙwabtansu da 'yan cocinsu ne za su bayar, 'yarsu ta buɗe da kanta, ke ki yaɗa.

Kafin komai ma, ki tambaye su batun inshora. Yawancin gidaje a can suna da ita, sai dai akwai kason da mai gida ke biya daga aljihunsa kafin kamfanin ya ɗauki sauran. Wannan kason shi ne abin da za ki sa a gaba, domin da dala ɗaya ta haura naira dubu, ba mu da ƙarfin sake rufin gida sukutum. Idan kuma sun nemi tallafin FEMA, hukumar agajin gaggawa ta Amurka, su sani ba ta biyan abin da wata hanya ta riga ta biya, don haka su faɗa miki inda giɓin yake. Ki nemi izininsu kuma kafin ki sa hoton gidansu a ko'ina, wasunsu ba sa son a ga kamar roƙo suke.

Abin da ba ki tambaya ba amma sai na faɗa: ki kiyayi ɗan canjin da zai ce ki ba shi naira, "yaronsa" zai tura dala can a farashi mai daɗi. Sau da yawa kuɗin 'yan damfara ne ake wankewa, kuma asusun bayin Allahn nan banki zai rufe, ki jawo musu bincike a kan ɓarnar da suke ciki. Lambar asusu ma kada ki karɓa ta saƙon Facebook, ki kira ta bidiyo su karanto miki da bakinsu. Su ma ki ja kunnensu kan masu gyaran rufi da ke bi gida-gida bayan guguwa suna neman a biya su duka tun kafin su hau tsani.

Ki buɗe asusun, ki sa wa'adin mako uku, ki turo lambar nan. Zan sa nawa, in kuma taya ki duba lissafin.