Kwana biyar a sansanin matasa na Sabon Gari: abin da N8,000 ta saya mini

Ni ba mai saurin sakin kuɗi ba ce, balle a watan Agusta da kuɗin makaranta ke leƙo kai. Amma da aka yi sanarwa ranar Lahadi cewa wata majami'a a Sabon Garin Kano za ta yi sansanin matasa na kwana biyar, N8,000 kowane yaro har da ci da wurin kwana, ban tsaya jan rai ba. Sati biyu kafin nan, ran wanki, na tsinci takardun cacar ƙwallo har uku a aljihun wandon ɗan farina. Shekararsa 15.

A ajujuwan makarantar cocin aka sauke su, maza ɓangare guda, mata ɓangare guda, 'yan Boys' Brigade, ƙungiyar samarin coci masu yunifom, na tsaron ƙofa. Tun a ƙofar ake karɓe waya, a rubuta suna, a ba yaro ɗan kati. Nawa ya ɓata rai kamar an yi masa mutuwa.

Bari in fara da ƙorafi. A takardar kayan da za a zo da su an rubuta tabarma, bokiti da Littafi Mai Tsarki, amma babu gidan sauro. A tsakiyar damina, a Sabon Gari! Da zazzaɓi ya dawo mini, magani ya cinye kusan rabin abin da na biya. Sannan wa'azin safe duk da Turanci aka riƙa yi. Yaran da suka zo daga ƙauyukan Sumaila da Tudun Wada sai zaman kallo suke, sai a rana ta uku aka nemo mai fassara. Abinci babu yabo babu fallasa: koko da ƙosai, shinkafa da wake.

Inda kuɗina ya fita shi ne zaman dare. Ana raba su goma-goma, kowane rukuni da ɗalibin jami'a guda ɗan FCS, ƙungiyar ɗalibai Kiristoci, wanda bai girme su sosai ba. Ba faɗa ake yi musu ba. Sun karanta labarin Yusufu da matar Fotifa a Farawa 39, jagoransu ya nuna musu cewa Yusufu bai tsaya muhawara ba, rigarsa ya bari ya fice. Daga nan sai wasan kwaikwayo: wani ya zama abokin da ke miƙo kwalbar lemo da aka zuba wa kodin, ɗaya kuma ya nemo abin da zai faɗa da bakinsa, a gaban sa'o'insa, ana yi masa dariya. An maimaita da tiramol, da caca, da hotunan banza a WhatsApp. Gwamnati ta hana maganin tari mai kodin tun 2018, amma ko mu iyaye mun san hanin bai iso bayan layi ba.

Akwai abin da na shiga ina tsoro: kada a koya musu cewa abokin banza shi ne wanda ba addininku ɗaya ba. A unguwarmu ta Badawa wannan karatu guba ne. Ashe jagoran cewa ya yi kowa ya rubuta abokansa uku, a gaban kowane suna ya sa abin da yake aikatawa idan suna tare. Da yaron ya warke, shi da kansa ya miƙo mini takardar.

"Mama, duba na biyun nan."

Ɗan ƙungiyar mawaƙan cocinmu ne, mai zaƙin murya, wanda nake zuba wa tuwo da hannuna. Shi ya fara kai shi shagon caca. Na farkon kuwa ɗan Hajiyar da muke katanga ɗaya da ita ne, a gabansa an rubuta: karatun lissafi da gyaran keke. Zama da maɗaukin kanwa na daɗe ina jinsa, ban dai san a benci ɗaya muke sujada da maɗaukin ba.

Ba zan ce kwana biyar sun sauya shi ba. Har yanzu ina laluben aljihu ran wanki, kuma har yau ban san yadda zan tari uwar wancan yaron da zancen ba, ga shi muna zumuntar mata tare. Baɗi zan sake biya, ƙanwarsa ma za ta je, kowa da gidan sauronsa. Wasan Arsenal na Asabar ɗin da ta wuce dai a falon Hajiya ya kalla.