Kafin ka biya kuɗin laftof, rufe murfinta ka gani

Mai zuwa Kano daga Ringim ko Gumel don sayen laftof yakan duba allo, ya danna maɓallai, ya tambayi awa nawa batir ke yi. Ba kasafai ake gwada abin da na'urar ke yi idan an rufe murfinta ba. Alhali a ƙauye, inda caji sai an biya mai janareta ko an jira rana ta cika batirin sola, nan ne ake asarar wuta ba a sani ba.

A Windows, ka shiga Control Panel, sai Power Options, sai layin da ke gefen hagu mai cewa "Choose what closing the lid does". Zaɓi huɗu ne, wato Sleep, Hibernate, Shut down da Do nothing, kuma ana saita su sau biyu: ɗaya na lokacin da take kan batir, ɗaya na lokacin da take jone da wuta.

Yawanci a kan Sleep suke zuwa, wato barci. Aikinka na nan a RAM, ma'ajiyar wucin gadi ta na'urar, kana buɗewa ta farka nan take, amma tana ta tsotsar batir a hankali. Barcin ma iri biyu ne. Tsofaffin HP EliteBook, Dell Latitude da ThinkPad da yawa suna yin mai nauyi, wanda ake kira S3. Sababbi kuwa galibi na yin Modern Standby, inda na'ura ke iya ci gaba da wasu ayyuka alhali murfi na rufe. Ka sa irin wannan a jaka, ka hau babur da tsakar rana a watan Afrilu, za ka iya ciro ta da zafi rau, batir ya yi ƙasa. Tun a shago ka buɗe Command Prompt, tagar da ake rubuta wa Windows umarni, ka rubuta powercfg /a, za ta nuna maka irin barcin da take yi.

Ni dai, ga malamin makaranta ko ma'aikacin asibitin karkara, Hibernate nake ba da shawara a ɓangaren batir. Tana kwashe duk abin da ka buɗe ta ajiye a faifai, sannan ta mutu gaba ɗaya. Ko bayan kwana uku ka kunna, takardar da kake bugawa na nan inda ka bar ta. Sai dai daɗinta na ga mai SSD, wato faifai mai sauri wanda ba ya juyawa. A tsohon faifai mai juyawa tashinta da nawa. Don haka gara SSD mai giga 256 da tsohon faifai mai giga 500, ko da mai shago ya ce babba ya fi. Idan ba ka ga Hibernate a jerin ba, powercfg /hibernate on kan dawo da ita, amma sai da izinin administrator.

Shut down kuwa na rufe komai, abin da ba ka adana ba yana iya tafiya. Do nothing, wato kada ta yi komai, ta mai shagon buga takardu ce, wanda ya jona babban allo ya ture laftof gefe, kuma a ɓangaren wuta kaɗai. Ko shi ma ya lura da inda iska ke fita, domin wasu ta wajen maƙalar murfi suke fitar da zafi, ga ƙurar hunturu na toshe fanka.

MacBook ba ta da wannan jerin. Kana rufewa sai barci, sai fa in tana jone da wuta, an kuma jona mata allo, madannai da linzami na waje. Barcinta ba ya cin batir sosai, amma gyaranta sai birni.

Ta hannu za ka saya? Ɗan maganaɗisu ne da na'urar da ke jin sa suke sanar da laftof an rufe, kuma sukan lalace. Ka duba kaso nawa batir yake, ka rufe murfin, ka kara kunne ka ji ko fanka ta tsaya. Bayan minti goma ka taɓa ƙasanta, ka buɗe ka sake duba batirin. In ta yi ɗumi ko allon bai taɓa mutuwa ba, ka ce a kawo wata.